Ruwan Tankin Baffa

Akwatin ƙarfenta ne ya fara faɗowa waje, murfin ya ɓalle, kayan sawa suka watse cikin kwatar ƙofar gida. Katifa ta biyo baya, sai bokiti, sai farar rigar aikinta da ta wanke ta goge tas, yanzu ga ta kwance cikin ƙazamin ruwa! 'Yar Likita na tsaye da jakar magani a kafaɗa, hawaye na bin kumatunta, maƙwabta sun yi cirko-cirko suna kallo.

"Fice min daga gida, butulu!" in ji Baffa. "Ni za ki kai ƙara? Ni da na ɗauko ki kina 'yar shekara bakwai, ba uwa ba uba, ko takalmi babu a ƙafarki?"

Ta durƙusa a gabansa. "Baffa, wallahi ba kai na kai ƙara ba, ruwan na kai. Yara ne ke mutuwa, Baffa..."

Ya banko ƙofa, ya bar ta a durƙushe.

Ƙauyen nasu a bakin birni yake, birni ya yi ta matsowa har gonaki suka koma gidajen haya, amma asibitinsu bai ƙaru da komai ba: ɗakin kati, ɗakin allura, ɗakin haihuwa, sai benci biyu a baranda. A nan take aiki. Ita ba likita ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce, yara ne suka laƙaba mata sunan saboda ƙuruciyarta, ya kuwa bi ta. Ta taso a gidan Baffa, yayan mahaifinta, tana wanke-wanke da shara kafin ta tafi makaranta, tana karatu a bakin murhu, har Allah ya sa ta gama makarantar koyon aikin lafiya da sakamakon da ya fi na kowa. Babbar 'yar Baffa, wadda take kira Yaya, sau biyu tana faɗuwa jarrabawar shiga wannan makaranta, daga baya aka sama mata aikin ba da kati a asibitin. Kullum matan gari suka wuce tagar kati suna tambayar, "'Yar Likita ta iso?" sai Yaya ta ji kamar an watsa mata garwashi a ƙirji.

Da damina ta sauka, sai amai da gudawa suka ɓarke. Cikin mako guda aka kawo yara goma sha huɗu, idanu sun faɗa, jiki ya yi laushi kamar tsumma. 'Yar Likita ta juya bayan tsohuwar kalanda ta zana layukan garin, duk gidan da aka kawo mara lafiya ta ɗiga masa jan biro. Da ta ɗaga takardar, sai abin ya fito fili. Gidajen da ke ɗiban ruwa a famfon makaranta fes suke, jan biro duk ya taru ne a layukan da 'yan ga-ruwa ke kai musu ruwan tankin da Baffa ke sayarwa! Ta zagaya bayan tankin da kanta, ta tarar shaddar gidan hayarsa ta tsage, ƙazanta na tsiyaya tana gangarawa cikin ramin rijiyar da ake jawo ruwan.

Ba ta faɗa wa kowa ba, Baffa ta fara samu a ɗakinsa, ta roƙe shi ya rufe tankin ko na mako biyu ne a gyara. Ya ce in ta sake tayar da maganar sai ta gane kurenta. Kwana uku bayan haka yaron matar tela ya cika a hannunta, yana ɗan shekara biyu. Ranar ta ɗebi ruwan a kwalba, ta rubuta takarda, ta aika ofishin lafiya na birni. Yaya ce ta ga kwafin takardar a kan tebur, ta kai wa Baffa. Abin da ya sa aka watso mata kaya ke nan.

Iya Ungozoma, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin, ita ce ta ratso 'yan kallo ta tsame farar rigar daga kwata.

"Tashi, 'yata. Ɗakina ƙarami ne, ga yoyo, ga minsharina, amma zai ɗauke mu. Ku kuma masu ido, ko tikiti kuka yanka? A kama mata katifa!"

Ashe wannan somin taɓi ne... Washegari magana ta zagaye gari, wai allurar rigakafin da 'Yar Likita ta yi wa yara a watan jiya ta lalace, ita ce ke kashe su, wai ta ɗora wa ruwan Baffa laifi ne don ta rufa wa kanta asiri. Yaya ce ta fara faɗa ta tagar kati, murya ƙasa-ƙasa, tana cewa kowace mace, "Ke kaɗai na gaya wa." Ba ta tsaya nan ba, ta bi katunan yaran ta sauya ranaku, har waɗanda ba a taɓa yi musu allurar ba ta rubuta an yi. Shugaban asibitin, mutum ne mai gudun hayaniya, ya duba katunan sau ɗaya ya miƙa wa 'Yar Likita takardar dakatarwa ba tare da ya iya kallon idonta ba.

Tana fitowa baranda ta yi kiciɓis da matar tela. Kafin ta buɗe baki ta yi mata gaisuwa, tas! Mari ya sauka a kumatunta har ɗankwalinta ya faɗi.

"Kin kashe min ɗa! Ni na kawo miki shi da hannuna, yana dariya... Allah ya isa tsakanina da ke!"

'Yar Likita ba ta ɗaga hannu ba, ba ta rama da baki ba. Ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura, ta ce, "Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri." Sai da ta kai ɗakin Iya sannan ta zube a kan tabarma ta fashe da kuka mai cin rai, tana faɗin, "Ya Allah, kai ne shaidata! Ka san abin da ke zuciyata, ka san ban cuci ɗan kowa ba... Ya Allah kada ka bar yaran nan su ƙare saboda ni!" Iya ta rungume ta, ita ma tana share ido da gefen zane. Da yamma kuma saƙo ya iso daga malamin makarantar da ke neman aurenta: iyayensa sun ce a dakata tukuna. Ta karanta, ta kife wayar.

Duk wanda ya zaci za ta kulle kanta a ɗaki, bai san ta ba! Gari na wayewa ta saɓa jaka, ba farar riga, ba izinin kowa, ta shiga bin gida-gida. Aka rufe mata ƙofa, aka sako mata kare, wata ta watso ruwan wanke-wanke ya jiƙa mata ƙafa. Sai ta tsaya a bakin katanga ta ɗaga murya: "Ba sai kun buɗe ba, ku dai saurara! Ku tafasa ruwa kafin ku sha! In yaro ya fara zawo, a samu ruwan da aka tafasa lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a garzaya da shi asibiti! Ku wanke hannu da sabulu!" Ta matsa gida na gaba, ta sake faɗa, har muryarta ta dishe. Iya na biye da ita da sandarta, tana ƙara wa duk wanda ya yi tsaki, "Ni na yanke maka cibiya, mara kunya, buɗe kunnenka!"

A hankali wasu mata suka fara kiranta ta ƙofar baya. Duk gidan da ya bi maganarta, cutar ta tsaya. Amma a fili ba mai iya gaishe ta, kuma tankin Baffa na nan yana zuba, 'yan ga-ruwa na layi tun safe.

Rana ta goma sha ɗaya, da tsakar rana, suna zaune a ƙofar ɗakin Iya sai ga mace ta shigo a guje, ba mayafi, ba takalmi. Yaya ce! Ta faɗi a gaban 'Yar Likita ta kama ƙafafunta.

"Ƙanwata, ki taimake ni! 'Yata... tun safe take amai, an kasa samun jijiyar da za a ƙara mata ruwa, shugaba ya soka ya soka ya ce a tafi birni, wallahi ba za ta kai ba!"

Iya ta buɗe baki za ta yi magana, amma tuni 'Yar Likita ta suri jakarta. Ko tambaya ɗaya ba ta yi ba. Ta kutsa ɗakin allura, ta tarar da yarinyar, 'yar shekara uku, kwance ba motsi, leɓɓa sun bushe. Shugaba da kansa ya matsa gefe ya ba ta wuri. Ta wanke hannu, ta duba hannayen yarinyar, jijiyoyi duk sun ɓace. Ta kama ƙafar, ta shafa, ta yi bisimilla, ta soka sau ɗaya tak. Ruwa ya fara ɗiga... Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai addu'ar mata a baranda. Leda ta farko ta ƙare, aka ɗaura ta biyu. Can wajen la'asar yarinyar ta motsa, ta buɗe ido, ta ce da siririyar murya, "Umma, ruwa."

Nan Yaya ta kurma ihu, ta fito baranda gaban matan da ke cike da benci, tana dukan ƙirjinta.

"Jama'a, ƙarya na yi mata! Allurarta lafiya lau take, ni na sauya katunan da hannuna! Ruwan ne! Baba ya sani, tun ranar da ta faɗa masa ya hana mu sha a gida, ruwan roba yake sayo mana daga birni. Yarinyar nan a gidan maƙwabta ta sha... Wayyo Allah, na cuci marainiya, na cuci 'ya'yanku!"

Salati ya kaure ko'ina! Matar tela, da ke cikin taron, ta dafe kai ta durƙushe, ta rarrafo har ƙofar ɗakin allura tana kuka, "Da wane ido zan kalle ki? Hannun nan nawa... ki yafe min, don girman Allah!" 'Yar Likita ta ɗago ta, ta rungume ta. "Zafin rashin ɗa ne ya mare ni, ba ke ba. Na yafe tun ranar."

Kwana biyu bayan nan motar ofishin lafiya ta iso da sakamakon gwaji, ya tabbatar da komai. A gaban idon jama'a aka garƙame tankin da sarƙa da kwaɗo, aka tafi da Baffa a bayan mota, ya rufe fuska da hularsa, mutumin da a da in ya taho ake darewa. Kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri, ta ƙwace wurin ruwan. Yaya ta rasa aikinta, shugaba aka yi masa canjin wurin aiki. Malamin makaranta ya turo kawunsa ba da haƙuri, 'Yar Likita ta tarbe shi da mutunci, ta ba shi ruwa ya sha, ta ce a gaishe su, amma maganar ta wuce.

Bayan wata uku aka kafa rumfa a harabar asibiti don buɗe sabon famfon gari, mai tanki a sama da kawuna takwas, kowa ya ɗiba kyauta. Tun safe wurin ya cika maƙil. Babbar jami'ar lafiya ta miƙe ta karanta takarda: daga yau 'Yar Likita ce shugabar asibitin, kuma za a ƙara ɗakuna biyu da ma'aikata uku. Guɗa ta tashi, tafi kamar rumfar za ta faɗo! 'Yar Likita na zaune a kujerar gaba, kanta a ɗage, hawaye na zuba ba ta ko share su ba. Mai unguwa ya karɓi lasifika ya fara jero yabo, bai kai rabi ba sai wani magidanci ya ratso taron yana haki.

"A gafarce ni... matata ce, faya ta fashe, tana ɗakin haihuwa!"

'Yar Likita ta miƙe zumbur, ta naɗe hannun riga, ta bar kujerar girmamawa wayam. Mai unguwa ya tsaya riƙe da lasifika yana waige-waige.

"Ci gaba da jawabinka, ranka ya daɗe," in ji Iya, tana dogara sanda za ta bi bayanta. "Wadda kake yabo ta tafi aiki."

Dariya ta ɓarke, amma ba wanda ya tashi, ba wanda ya taɓa famfon. Gari guda ya zauna yana jiran ta. Ana nan, ana nan, sai kukan jariri ya tsaga harabar ta tagar ɗakin haihuwa, mai ƙarfi, lafiyayye. Ta leƙo, gumi na tsatsafo mata a goshi, fuskarta cike da murmushi.

"Mace ce, uwa da 'ya lafiya lau! Ku buɗe famfon nan a kawo min bokiti biyu a ɗora a wuta, baƙuwarmu na jiran wanka!"