Ranar da Shayin Kinvig Bai Zo Ba

"Fuska a ƙasa, tsoho. Ka motsa, in fasa kanka."

Rourke ke nan, bindiga a hannu, gwiwarsa a bayan mai gidan, Illiam Kinvig. Ƙarfe ɗaya da kwata na rana. A waje babura suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, gilasan taga suna rawa. Ranar babban tsere ce, an rufe titi tun goma na safe, duk tsibirin Man yana bakin shinge yana kallo. Ko ihu ka yi babu mai jin ka.

Ni na zaɓi ranar, ni na nuna gidan, ni ne direba. Sunana Orry Cannell, shekarata hamsin da takwas, kuma kafin ranar ko biredi ban taɓa sata ba.

"Kai ɗan gari, wanne da wanne?" in ji Dobbs, yana tsaye gaban akwatunan gilashi. "Ni duk kwanukan miya nake gani."

Hular kwano arba'in da biyu tsohon ya tara, kowacce ta wani gwanin tsere, da sunansa a ɗan kati. Rourke da Dobbs daga Liverpool suka tsallako. Wani attajiri a ƙetare yana son guda shida, su kuwa ba su san ta gaske da ta kanti ba. Na nuna, Dobbs ya fasa, ya zuba a jaka.

Ladana hula ɗaya ce. Tana can ƙarshe: fara, da baƙin layi, da ƙuje a gefen hagu. Ta ƙanena Finlo. Sau biyar ya ci tseren nan, a na shida ya mutu a kan dutse. Matarsa ta kai hular gwanjo ta bar tsibirin, Kinvig ya saya. Shekara goma sha tara ina kiransa ungulu a raina. Iyayenmu sun tafi, ban yi aure ba, ba ni da kowa. Abin da nake so kawai, wani abu na Finlo ya kwana a ɗakina.

Na ɗauke ta. Har yanzu da ɗan warin man inji a ciki.

"Ka riƙe ta ta ƙasa," in ji tsohon daga inda yake kwance. "Igiyar ta tsufa, Orry."

Fuskata a rufe take. Murya ta ba da ni.

Rourke ya dube ni. "Au, abokinka ne?"

"Ban san shi ba."

"Shi dai ya san ka, mutumina." Ya ɗaure tsohon a jikin kujera, ya duba agogo. Shirinmu mai sauƙi ne: mu zauna shiru har a buɗe titi, mu shige cikin dubban 'yan kallo, ƙaramin jirgin ruwa na jiranmu a tashar Peel.

Abu ɗaya na manta, kuma ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya manta.

Ƙasa da gidan akwai wata kwanar titi, inda masu tuta suke tsayawa, 'yan sa-kai masu rigar ruwan lemo da ke tsaron titi. Shekara ashirin da shida na yi a wannan kwanar kafin ciwon gwiwa ya hana ni bara. Kuma duk ranar tsere, da an gama zagaye na biyu, Kinvig yakan gangaro da butar shayi da wainar zabibi. Ruwa ko rana. Tun da ya sayi hular ban sake karɓar kofinsa ba, sai ya ajiye shi a kan katanga ya huce.

Abin da ya faru a kwanar, a kotu na ji shi. Corlett, shugaban masu tutar, ya waiga sau uku.

"Ina tsohon nan da shayinsa?"

"Ƙila ya yi barci."

"Kinvig? Ranar tsere? Shekara arba'in bai taɓa fashi ba. Ko dai ya faɗi a banɗaki." Ya ɗaga oba-oba, ya kira 'yan sanda.

Sajan Breesha Teare ta 'yan sanda tana cikin da'irar tseren da motarta. Ta biyo hanyar gona ta baya, ita da ɗan sanda ɗaya, ba da niyyar kama kowa ba. Duba tsoho kawai suka zo yi. Sai ta hango akori-kurarmu a bayan rumbu, da fasasshiyar ƙofa. Ta tsaya ta kira a ƙaro mutane.

Dobbs ne ya gan su ta taga. "Oga, akwai matsala."

"Mota. Yanzu."

"Tsohon fa? Ya san sunan wannan."

"Bar shi, matsalar ɗan gari ce," in ji Rourke.

Muka fito da gudu. Na tayar da mota, hular Finlo a cinyata. Hanyar baya, Sajan Teare ta gitta motarta. Saura hanya ɗaya: gangaren da ya faɗa titin tsere, ya tsallaka zuwa wani lungu a ɗaya gefen.

"Miƙe," in ji Rourke.

"Titi a rufe yake."

"Na ce miƙe."

"Duk daƙiƙa goma babur ke wucewa. Ka san gudun da suke yi a nan?"

"Su kauce."

"Ba a kaucewa a wannan gudun."

Bakin bindiga ya taɓa kunnena. "Ƙanenka ya mutu tuntuni, tsohon banza. Taka."

Na taka. Gangare, duwatsu, motar tana tsalle. Ga igiya a bakin titi, ga Corlett ya juyo, baki buɗe, yana laluben jar tuta. Ba za ta yi amfani ba. Na riga na ji ƙarar, kunnena ya san ta: babur ɗaya ya fito daga kwanar sama, daƙiƙa huɗu ya rage masa. Ban san ko wane ne ba. Ɗan wani ne. Ƙanen wani ne.

Na murɗa sitiyari hagu gaba ɗaya — katangar dutse!

Bindiga ta tashi. Gilashi ya watse. Motar ta kife, ta ja, ta tsaya taku uku kafin kwalta. Babur ɗin ya wuce, ko waiwaye bai yi ba.

Dobbs bai ɗaura bel ba, a wurin ya cika. Rourke ya rarrafo da karyayyar ƙafa, yana ganin Sajan Teare ya fara: "Shi ne ogan, shi ya kawo mu, ni an yaudare ni." An ba shi shekara goma sha takwas. Ni tara, da kunne ɗaya da ba ya ji. Hular Finlo ta fita ta taga, motar ta danne ta. Gida uku ta rabu.

Wata biyu ina gidan yari a Jurby babu wanda ya zo, ban kuma sa ran kowa ba. Ran wata Alhamis gandiroba ya ce ina da baƙo. Kinvig ne, da sanda, da tabon igiya a wuyan hannu.

"Sun hana ni shigo da buta," in ji shi. Ya sayo shayi kofi biyu a injin sayarwa, ya tura min ɗaya.

Na kasa kallonsa. "Me ya kawo ka, Baba?"

"Gidan ya yi shiru. Huluna ba sa hira." Ya hura shayinsa. "Ka san me ya sa na saye ta? Wani Ba'amurke ne zai tafi da ita. Na sayar da gonar mahaifiyata don ta zauna a tsibirin nan, har wani daga gidanku ya zo ya ce a ba shi. Duk shekara ina kawo maka kofi, ina cewa bana zai yi magana."

"Da ka faɗa min."

"Da ka karɓi kofin."

Wallahi da Rourke ya saita bindigarsa daidai, da ya fi min sauƙi.

"Sha, Orry," in ji shi. "Wannan kam kada ka bari ya huce."

Na sa hannu biyu na ɗauka.