Gonar Taiba da Motar Sudan

Taiba na tsakar gida tana tankaɗen garin dawa lokacin da mijinta Mainasara ya dawo daga kasuwar Talata Mafara. Ko ruwan da ta miƙa masa bai karɓa ba.

"Taiba, na yanke shawara. Sudan za mu tahi, ni da ke da yara."

Tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya haɗiye gonarsa ta Maradun suke raɓe a Dakko, gidan marigayi mahaifinta. Mutumin da a da yake kyautar damin gero, yau ga shi yana cin tuwon gidan surukai. Abin yana cin ransa ba kaɗan ba, kuma Taiba ta sani, don auren soyayya suka yi.

"Sudan kuma, Maigida? Wa munka sani can?"

"Akwai Hausawa unguwa guda, ga noman auduga, kuma daga can Makka ba nisa. Yaran nan su tashi su ga ubansu shina ci da su. Nan mi ni ka yi? Zaman banza."

"To Inna hwa? Tsohuwa ce, in munka tahi ba mu ƙara ganinta. Hanyar ma ta Chadi ce, an ce yaƙi a ka yi. Kuma can baƙi mu ke, ko mun shekara nawa."

"Nan ɗin ma baƙo ni ke," in ji shi. "Kuɗin mota da na fasfo kada ki damu, Yaya Balarabe ya ce shi za ya biya."

Taiba ta ajiye rariya. Balarabe yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowa a Dakko ya san ko goro ba ya tsaga wa mutum sai da dalili. Yau shi ne da biyan kuɗin mota har Sudan? Allah Ya kyauta.

"Yaushe motar ka tashi?"

"Lahadi."

"Rabon gonaki kuma Litinin."

Ga yadda abin yake. Taiba tana da gonar gado a fadama. Da masu aikin dam suka zo gyara ƙasa don noman rani, katafila ta baje fadamar kaf, ta tumɓuke gamba da itatuwan da ake gane iyaka da su. Saboda haka dattawa suka ce ranar rabo kowa ya je ya tsaya inda gonarsa take, maƙwabta su shaida. Matar aure ba ta shiga taron maza, mijinta ke tsaya mata. In babu miji, sai ɗan'uwanta.

Mainasara ya gane inda ta nufa, amma maimakon ya yi tunani sai zuciya ta ɗebe shi.

"Wato so ki ke in tsaya gaban mutane ina roƙon gonar mata? A riƙa nuna ni da baki ana cewa ga wanda matatai ka ci da shi?"

"Maigida, da munka yi aure gonarka na ci, ba wanda ya nuna ni da baki."

"Ke mace ce!"

Hawaye suka zubo mata. Ba tsawar ce ta ƙona mata rai ba, ganin yadda talauci ya mai da mutumin kirki haka ne.

"In ka ce mu tahi, wallahi ko da ƙafa ina bin ka. Abu guda na roƙe ka — ka tsaya mani ranar Litinin. In mun tahi mu san muna da wurin dawowa. Sai mu bi mota ta gaba."

Washegari Mainasara ya iske Balarabe a zaure. Suka gaisa har da tambayar gajiya da iyali da dabbobi, sannan ya ce yana neman a ɗaga tafiyar zuwa mota ta gaba. Nan take fuskar Balarabe ta canza.

"In ba wagga mota ba, ban biya."

"Don mi, Yaya? Sudan ɗin ai tana nan."

"Na dai gaya maka."

Mainasara ya tashi ya fito. Ashe ba taimakonsa ake yi ba, kawar da shi ake son yi.

Motar Lahadi ta tashi babu su. Ranar Litinin ya saka rigarsa ta Juma'a ya je fadama, ya tsaya cikin rana a kan ƙasar da ba ta da ko tsinke. Balarabe ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Jama'a, ku dubi mutumin Maradun ya zo cin gadon mata." Wasu suka yi dariya. Mainasara ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma bai ɗaga ƙafa ba. Wani tsoho mai suna Manu, maƙwabcin gonar, ya ce shi dai ya san nan Malam mahaifinta ya bar wa Taiba, kuma ba zai yi ƙarya da furfura ba. Sauran suka bi bayansa. Aka ba ta gonar, duk da hanyar ruwa ta cinye gefe guda.

A cikin makon nan Balarabe ya kore su daga gidan. Inna ta yi kuka ta yi roƙo, bai saurare ta ba. Suka kafa bukkar zana a bayan gari. Ruwan noman bai iso da wuri ba, Mainasara ya koma lebura, yana ɗaukar siminti har kafaɗarsa ta saɓule. Akwai ranar da yunwa ta sa Taiba da kanta ta ce, "Maigida, ko dai mu tahi Sudan ɗin?" Shi kuma ya ce a'a, sun riga sun biya kuɗin zama da mutuncinsu.

Daga baya ruwa ya zo, shinkafa ta yi kyau, suka ɗora ɗakin ƙasa. Sai dai Inna ba ta ga wannan ba, ta rasu tana baƙin cikin 'ya'yanta biyu ba sa gaisawa.

Ni dai abin da zan ce wa matasa, barin ƙasa ba laifi ba ne, wasu sun tafi sun dace. Amma kafin ka kwashi iyali ka dubi mai gaggauta maka tafiyar, ka tambayi kanka me zai samu in ba ka nan. Kuma miji da mata in suka yi haƙuri da juna, Allah ba Ya barinsu.

Da aka sheƙe shinkafar farko, Taiba ta cika ƙwarya ta aika gidan yayanta. Kafin la'asar aka dawo mata da ita, ko faifan ba a buɗe ba. Ta zauna ta yi kuka mai isarta, Mainasara yana gefenta. Da ta share hawaye sai ta ce a ajiye, baɗi ma za ta sake aikawa.