Gahawar da Ta Huce a Gidan Abu Rasim

Murad yawon buɗe ido ya zo ƙauyenmu, jaka a baya, Larabcinsa duk a karye don a Chile aka haife shi. Ya tsaya tambayar hanya a gonar zaitun, Jumana ta amsa masa daga saman tsani tana dariya. Hanyar da bai bi ba ke nan, ya zauna har aka gama girbi.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Abu Rasim, ya ce sam. 'Ya'yansa maza duk sun tafi ƙasar waje, ita kaɗai ta rage masa.

"Baƙo raɓa ne," in ji shi. "Ga Fawwaz, ɗan ƙanena, yana jira."

Da ƙyar dattawa suka yarda su raka Murad neman aure. Ranar da safe saƙon Jumana ya shigo masa:

"Hasken idona, za a ajiye maka gahawa. Kada ka taɓa sai Baba ya ce a sha. In ka sha, ziyara ka zo, magana ta mutu. Tsoro nake ji."

Aka jera kofuna. Babban dattijo ya yi roƙo, Abu Rasim ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Fawwaz, da ba ya rasa makirci, ya tura kofi gaban Murad.

"Sha mana, baƙonmu. Ko ka raina gidan ne?"

Murad ya tuna saƙon Jumana. Ya haɗa hannayensa a cinya, bai motsa ba.

Can Abu Rasim ya ɗago. "Yaro, yaushe za ka koma garinku da ita?"

"Baffa, kakana yana kuka ya bar ƙasar nan. Ni ba zuwa na yi ba, dawowa na yi."

Abu Rasim ya dube shi, sannan ya ce, "A kwashe kofunan nan."

Dattawa suka fara laluben sandunansu, a zatonsu an hana. Jumana, a bayan ƙofa, ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

"Ina za ku?" in ji Abu Rasim. "Wannan ta huce. Surukina ba zai sha mai sanyi a gidana ba. A kawo mai zafi, mu karanta Fatiha."

Bayan sallah aka sha biki a dandalin ƙauye. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.