Takardar da ke Ƙarƙashin Dutse

Ku matso kusa. Kai, rage murya.

A wani gari ne na bakin kogin Kwara, sunansa ya kuɓuce mini. Akwai Baba Mudi, tsohon sojan ruwa, da amininsa Gambo. Shekara ashirin suna wasan yaƙin teku a gindin wata ɗorawa, kan faifan katako mai shuɗin fenti. Jiragen ƙanana ne, Mudi ya sassaƙa nasa daga katakon wani kwalekwale da ya nutse da mutane.

Wasan yana da doka. Kafin ranar karo, kowa zai rubuta yadda zai sauya tsofaffin jiragensa na yaƙi, ya naɗe takardar, ya danne da dutse. Ba mai ɗaga dutsen wani. Amanar ke nan.

Mudi yana da tsofaffin jirage uku, ko huɗu ne? Uku. Ko ya cire bindigoginsu su ɗauki dakaru, ko su yi farautar jirgin ƙarƙashin ruwa, ko su share nakiyoyi. Ya rubuta: dakaru. Ya danne.

Washegari ya riga Gambo zuwa. Rana tsaka. Ko tsuntsu ba ya motsi.

Sai ga mutum tsugune gaban faifan. Bai ji zuwansa ba. Rigarsa a bushe, amma ruwa na ɗiga daga ƙafafunsa, ƙasa kuwa ba ta sha.

"Sannu, Baba," in ji baƙon. Muryar kamar daga cikin randa.

"Yawwa. Daga ina?"

"Daga nan." Ya taɓa tsohon jirgi ɗaya. "Sauya takardarka. Maishe mu masu sharar nakiya."

Mudi ya ce, "Don me?"

"Amininka ya ɗaga dutsen jiya. Kullum yana ɗagawa. Shekara bakwai."

"Gambo? Tare muke cin tuwo."

"Muna cikin katakon nan, muna gani. Zai shuka nakiya a mashigi. Mun nutse sau ɗaya, Baba. Ya isa."

Mudi ya dubi dutsen. Hannunsa ya miƙa, ya dawo.

"Ba na taɓa abin da na danne," ya ce. "Ko da zan rasa su."

Ya ɗago kai. Ba kowa. Sai ƙanshin laka.

Can ga Gambo da goro a baki, yana dariya. "Tsohon kifi! Yau ma wanka za ka sha?"

Mudi ya zauna. Yana kallo Gambo ya jera nakiyoyinsa, baƙaƙen tsakuwoyi, duka a mashigi. Ba ko ɗaya a wani wuri.

"Buɗe taka mu gani," in ji Gambo.

Mudi ya ɗaga dutsen. Takardar a jiƙe sharkaf. Rubutunsa ne, hannunsa ne, amma ga abin da ke ciki: masu sharar nakiya.

Gambo ya zabura. "Kai! Ba haka ka rubuta ba!"

Mudi ya juyo ya dube shi.

"Ina ka sani, Gambo?"

Gambo ya furzar da goron.

"Shekara bakwai ina cewa ka fi ni kai," in ji Mudi a hankali. "Ina ba mutane labarinka."

"Wasa ne fa, Mudi."

"Wasa ne. Shi ya sa."

Mudi ya kwashe tsofaffin jiragen nan uku, ya gangara bakin kogi, ya ajiye su a kan ruwa. Suka jeru, ɗaya bayan ɗaya. Suka haura kogin, suna saɓa wa igiyar ruwa, har suka ɓace.

Mudi bai sake zama da Gambo ba. Shi kuwa Gambo, an ce duk tabarmar da ya taka sai ta jiƙe, har ya koma ga Allah.

Faifan yana nan gindin ɗorawar, fentin ya koɗe. Kada wanda ya zauna wurin shi kaɗai da rana tsaka. In kuma kun ga dutse a kan takarda, ku wuce abinku.