Kwalaben da Suka Fashe a Gidan Mas'uda

Da hantsi aka kira caji ofis na Wudil, aka ce ana harbe-harbe a wani gida bayan tasha. Sufeto Yahuza ya bar shayinsa ko kurɓa bai yi ba, ya ɗauki kofur ɗaya suka nufi wurin.

Ba bindiga ba ce. Kwalabe ne suke fashewa ɗaya bayan ɗaya a ɗakin wani ɗan haya, kumfa tana malalowa ta ƙarƙashin ƙofa, tsakar gida duk ta gauraye da warin burukutu. Mutanen unguwa sun cika zaure, kowa ya toshe hanci, amma ba wanda ya tafi.

Mai ɗakin, Abdulbaƙi, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a jami'a. Yana tsugune cikin fasassun kwalabe kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Giya kake dafawa?" Sufeto ya tambaye shi.

"Yallaɓai, wallahi malta ce. Tsiron dawa nake shanyawa, in gasa shi sama-sama har ya yi ƙamshi, in dafa da dabino da citta da kanumfari. In ka kurɓa, da farko za ka ji ɗan ɗaci a bayan harshe, sannan..."

"Ban tambaye ka harshena ba. Tana bugarwa ko ba ta bugarwa?"

"Tawa ba ta bugarwa. Sai dai in wani ya zuba mata yis. Yis ne ke mai da zaƙin ya zama giya, iskar ta taru ta fasa kwalba."

Kafin Sufeto ya sake magana, wani dattijo ya ratso mutane yana dogara sanda. Alhaji Labaran ne, mahaifin Khaulat, yarinyar da za a sa ranar aurenta da Abdulbaƙi gobe. Kwalaben nan ma don baƙin gobe aka tanade su.

"Sufeto, ni ba mai dogon zance ba ne," in ji Alhaji. "In aka yi sallar La'asar ba a wanke yaron nan ba, kada danginsa su tako ƙofata. Ba na haɗa zuri'a da mai giya."

Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan gilashin idonsa. Sufeto ya ja tsaki a ransa. Shi da ke da ƙarar satar shanu a Lajawa tana jiransa, ga shi an ɗora masa auren wani a wuya.

Ya fara da uwar gidan hayar, Mas'uda mai fanke, wadda ke ta kaɗa ƙullu a ƙofar kicin.

"Hajiya, kina amfani da yis?"

"Ni? Allah ya sawwaƙe. Fankena na gargajiya ne, da kansa yake tashi. Tambayi kowa a tasha."

Sufeto ya sa ƙafa ya ture murfin kwandon shara. Ga ledojin yis nan fanko sun fi a ƙirga.

"Waɗannan kuma da kansu suka tashi suka zo?"

Mas'uda ta rage murya. "Don Allah Yallaɓai ka rufa min asiri, masu saye ba su sani ba. Amma shekaranjiya sabuwar leda guda ta ɓata a kan tagar nan. Na zaci akuya ce."

"Wa ke shigowa gidan?"

"Daga mai ɗakin sai amininsa Tasi'u tela. Shi ya taya shi ɗura kwalaben ma."

Sufeto ya aika aka kira Khaulat. Ta zo cikin dogon hijabi, idanunta sun kumbura, ta rungume kwalba ɗaya a ƙirji kamar jaririya.

"Wannan ya fara ɗura min, tun tukunya na kan wuta," ta ce. "Ya ce ta farko tawa ce. Ban iya shanta ba, kallonta kawai nake yi."

"Tasi'u ya zo a lokacin?"

"Bai zo ba. Sai da ta huce."

Sufeto ya ɓalle murfin. Ba kumfa, ba tsami, sai ƙamshin citta. Ya mayar ya rufe.

"Jiya kin ga Tasi'u?"

"Tare suka zo zance da yamma, shi ke rako shi kullum. Abdul ya kawo wata kwalbar don mu ɗanɗana. Da ya buɗe sai ta yi tsartuwa a hannun rigar Tasi'u, sauran ta zube. Mu muka yi ta dariya. Shi kuwa ya zabura ya nemi buta, ya yi ta wanke hannun rigar, har ya ce sai ya je gida ya sauya kafin Magariba."

Sufeto ya dube ta. A karon farko tun safe fuskarsa ta saki.

A shagonsa suka sami Tasi'u, yana taka keken ɗinki. Wata farar riga tana shanye a igiya, an wanke ta fes.

"Malam Tasi'u, ka san abin da ya sami abokinka?"

"Na ji, Yallaɓai. Raina ya ɓaci matuƙa. Ni ban taɓa zaton giya yake yi ba sai yau da safe."

"Sai yau?"

"Sai yau."

"Kana shan maltar tasa?"

"Sosai. Ko kofi uku sai in shanye."

"In kunu ya zube maka a riga, kana sallah da ita?"

"Me zai hana? Ai kunu ba najasa ba ne."

"Malta fa?"

"Ita ma haka."

"To me ya sa jiya ka ƙi yin Magariba da waccan rigar?"

Keken ya tsaya.

"Jiya duk Wudil ba wanda ya san giya ce a kwalbar nan," in ji Sufeto. "Mai dafa ta bai sani ba, amaryarsa ba ta sani ba. Kai kaɗai ka gudu ka wanke najasa. Ka ji tsoron Allah a kan hannun riga, amma ba ka ji tsoronsa a kan mutuncin amininka ba."

Tasi'u ya kifa kai a kan keke.

"Ni na fara ganinta, Yallaɓai. Ni na ɗinka mata kayan Sallah, ni na nuna masa gidansu. Kullum ina kan benci ina korar sauro, ina jin dariyarta da wani. Na ce in Alhaji ya ji warin nan sau ɗaya, shi ke nan. Ledar Mas'uda na juye a tukunya da ya fita ɗauko kwalabe."

"Tashi. Sauran ka faɗa a caji ofis. Kofur, ɗauko rigar nan, shaida ce."

Ladan bai kira La'asar ba suka isa ƙofar gidan Alhaji Labaran. Tasi'u ya maimaita maganarsa a gaban mutane, idonsa a ƙasa, kofur ya sa masa ankwa ya wuce da shi mota. Abdulbaƙi, wanda suka taho tare, ya bi shi da kallo har motar ta sha kwana.

Sufeto ya miƙa wa Alhaji kwalbar Khaulat. Dattijon ya shinshina, ya yi bismilla, ya kurɓa. Ya daɗe yana juya ta a baki.

"Baba, in ka lura," Abdulbaƙi ya fara, "da farko za ka ji ɗan ɗaci a bayan harshe, sannan..."

"Malam, don girman Allah ka yi shiru," in ji Sufeto. "Da kyar na samo maka matar nan."

Alhaji ya sake kurɓa, ya tura kwalbar ƙarƙashin kujerarsa inda ba mai ɗauka. Daga bayan labulen zaure aka ji wata 'yar dariya mai haɗe da kuka.

"Gobe su zo da goro," in ji shi. "Amma baƙina ruwa za a ba su."