Gidan Sanjar a Tudun Azurfa

Behruz ya fara ganinta ne ranar da ta wanke shi tas a gaban jama'a.

A saman wani gidan shayi na unguwar Chilonzor aka yi taron. Kamfaninsu ya gayyato masu buga Tudun Azurfa, wasan intanet ɗin nan na mayaƙa da dodanni wanda kowa ke gina gidansa a ciki, don su faɗi abin da suke so a gyara. Behruz na cikin masu tsara dokokin wasan, shi aka zaunar a gaba ya sha suka, ya kuwa sha ta har ya ƙoshi.

Wani ya ce tunda aka fara sayar da takubba da kuɗi, ɗan mai hali ke kashe dodo, talaka sai riƙon jaka. Wata ta ce masu warkar da raunuka ne ke shan wuya a fagen fama, amma wajen rabon ganima a manta da su. Wani kuwa buri ya kawo, wai a ƙara teku da jiragen ruwa, shi da ko a mafarki bai taɓa ganin teku ba.

Sai wata budurwa mai ɗankwali ruwan toka ta miƙe daga baya, ta haɗa sunansa da "aka", wato yaya, kamar yadda ake girmama namiji a garinsu.

"Behruz aka, wa ya kawo dokar rushe gidan duk wanda ya yi wata guda bai shiga ba?"

Ya gyara zama ya ce shi ne, filaye sun yi kaɗan, sababbin shiga suna jira.

"To wanda ya mutu fa? Ta ina zai shigo ya gaya muku yana son gidansa?"

Gwanin magana ya yi tsuru-tsuru. Abin haushin ma, maimakon ya nemo amsa, idonta ya tsaya kallo.

A bakin matakala ya cim mata. Sunanta Nafosat, malamar firamare ce. Yayanta Sanjar ya rasu bara a haɗarin mota, ya bar gida a cikin wasan. Ita ko riƙon takobi ba ta iya ba. Kullum da safe takan shiga da sunansa, ta ba itatuwansa ruwa, ta fita, don kada a rushe.

Washegari ya tura mata saƙo, ya ƙara wa sunanta "hon" na girmamawa: "Nafosathon, tun jiya nake neman amsar tambayarki ban samu ba. Ki ara mini lokaci, ko na shan shayi ne."

Ta amsa: "Shayi ba ya amsa tambaya, Behruz aka. Amma bayan azahar nake tashi daga makaranta."

Daga shayi aka koma yawo a bakin kogin Anhor, daga yawo aka koma abin da kowa ya sani. Ya koya mata harbin kibiya a cikin wasan, ta harbe dokinsa har sau biyu, ta ce dokin ne ya shigo gabanta. Ita ta sa masa suna Sarkin Rusau. Shi kuwa jonim yake ce mata, wato raina, in ya faɗa sai ta sunkuyar da kai kamar ba ita ce ta tsayar da taro ba.

Da abin ya yi nisa, mahaifiyar Behruz da goggonninsa suka ɗauki burodi da alewa suka je neman aure. Aka karɓe su da mutunci, aka sallame su da mutunci, amma mahaifinta Tohir aka ya aiko da amsar da ba ta da kwana.

"Wasan nan ya raba ni da ɗana tun yana raye. Ina tsakar gida ina jiran ya fito mu yi hira, yana ɗaki yana kashe aljanu. Yanzu kuma in ɗauki 'yata in ba wanda ya ƙera shi?"

Dama akwai Farruh, likitan haƙori, ɗan aminin Tohir aka da yake so ya aura mata, mai farar mota da murmushi kamar na talla. Ba mugu ba ne, sai dai ranar da Nafosat ta ba shi labarin gidan Sanjar dariya ya yi, ya ce hoto ne fa kawai. Bai tsaya nan ba, ya je ya tsegunta wa Tohir aka, wai don a taimake ta ta manta. A ranar dattijon ya kulle kwamfutar marigayin a akwati, ya sa makullin a aljihu.

Kwanaki suna ta tafiya, wa'adin rusau yana matsowa. Da ta ga ba sarki sai Allah, ta je gidan ƙawarta ta gwada shiga. Sai ga rubutu a fuskar kwamfuta, wai kamfani ya rufe wannan suna. Duk duniyar kamfanin nan mutum ɗaya ne ya san ba Sanjar ke shiga ba.

Ta rubuta wa Behruz: "Na ba ka sirrina ka kai shi ofis. Don Dada mahaifina ya hana ka ni shi ne ka huce a kan mamaci? Allah ya isa ban ce ba, amma kada ka sake nemana."

Ta kashe wayar, ta yi kukan da rabonta da shi tun ranar jana'iza.

Rashin sani ya fi dare duhu. Behruz ne ya rufe sunan, gaskiya ne, amma don agogon rusau ya tsaya ya yi haka. Tun ranar taron yake fafatawa da shugabanninsa a kan dokar da shi da kansa ya kawo. Suka ce masu wasa za su yi bore in gidajen matattu suka cinye fili. Ya ce to a tambaye su. Aka yi ta muhawara, wasu na tsoron gari ya zama maƙabarta, wasu na rubuto sunayen abokansu da suka rasa. A ƙarshe ƙuri'a ta tsaya a kan sabon tudu a bayan gari, inda za a kwashe irin waɗannan gidaje yadda suke, ba mai taɓa su. Laifinsa ɗaya, ya yi shiru, yana tsoron yin alkawarin da zai iya faɗuwa.

Ta wayar ƙawar tata saƙonsa ya iso: "Jonim, na yi kuskure da ban gaya miki ba. Gidan yana nan, ko ganye bai faɗi ba, kuma ba sai kin ƙara ba shi ruwa ba. Ki huta. Gobe zan zo wurin Dada, ko zai kore ni."

Ta karanta, kunya da daɗi suka haɗu suka rufe ta. Abin da ta iya rubutawa kawai shi ne: "Ka yafe mini, Sarkin Rusau."

Washegari da la'asar Behruz ya zo, kwamfuta a hannu. Tohir aka na zaune a kan dandamalin katako ƙarƙashin kurangar inabi. Ya cika masa kofin shayi har baki, abin da ko yaro ya san ma'anarsa: sha ka ƙara gaba. Behruz ya kira shi da Amaki, wato baffa.

"Amaki, ba maganar aure ta kawo ni ba. Abin ɗanku ne a hannunmu, ya kamata ku gani ko sau ɗaya."

Mahaifiyar Nafosat ce ta ɗauko wa mijinta tabarau ta ajiye a gabansa. Ya daɗe kafin ya saka.

Behruz ya bi da shi ta wata shuɗiyar ƙofa a cikin wasan. Maƙwabta sun gina fadoji na zinariya, amma Sanjar tsakar gida ya gina, da tanderun burodi a kusurwa, da kurangar inabi, da dandamalin katako. A kan dandamalin an ajiye butar shayi da kofi biyu.

Dattijon ya ɗago ya dubi tsakar gidansa, ya mayar da ido kan kwamfutar. Ya kai yatsa kan wani layi a jikin katangar.

"Har tsagar nan ya saka," ya faɗa a hankali. "Kullum sai na ce ya liƙe ta, ya ce gobe." "Ni ina cewa gudunmu yake yi."

Nafosat na bayan labule tana share hawaye. Can aka kira magariba. Da Behruz ya miƙe zai tafi, Tohir aka ya riƙe hannunsa.

"Ɗana, ka ce wa mahaifiyarka ta dawo."

A zuwan nan aka karya burodi a gaban dattawa, magana ta tabbata. Bayan an cire inabi aka ɗaura aure, maza suka cika unguwa da sassafe cin shinkafar biki, har masu buga wasan suka zo, ciki har da mai son teku.

Lokacin tafiyar amarya, Tohir aka ya ɗaga tafukansa, kowa ya ɗaga. Ya ce Allah ya sa su tsufa tare, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa gidansu ya zama gidan da yara ke son zama a tsakarsa. Sannan ya sumbaci goshin 'yarsa, ya ɗora hannunta a na Behruz, jama'a suka shafa da amin.