Karin Kumallo a Ɗakin Aku

"Wuraren cin abinci har huɗu a otal ɗin nan, Leandro! A rasa wanda za a zaɓa sai Ɗakin Aku?"

Yudelka ce ta yi wa saurayinta maganar. Suna tsaye a bakin matakala, safiya ce amma zafin garin Bávaro na bakin teku ya riga ya fara cizo, daga can cikin filin wasa ana jiyo ihun masu hawa lilo.

"Sassauta murya, rabin raina. Mama ce ta zaɓa. 'Yan biyun yayana Fausto ke son ganin Aku."

"Ka ce mata mu je na bakin ruwa, wurin gasasshen kifi. Ko babban zauren nan da kowa ke ɗibar abin da yake so. Ko ma a kai mana ɗaki!"

"Kin san Mama. In ta ce ga hanya..."

"Kai kuma ka san wanda ke cikin rigar Akun nan!"

Leandro ya waiga da sauri, ya tabbatar babu mai jin su, sannan ya riƙo hannunta.

Ya sani mana. Shekara da shekaru mahaifinta, Don Eusebio, ke shiga koriyar rigar gashin nan mai ƙaton kai, yana zaga tebura yana rawa don yara su yi dariya. Da rawar nan ya kai ta jami'a a Santo Domingo, inda ta haɗu da Leandro. Amma da Leandro ya tashi ba danginsa labari a garinsu Santiago, cewa ya yi surukinsa babba ne a sashen nishaɗin otal. Ita kuma da ta ji, ba ta ƙaryata shi ba.

Shirin da aka yi shi ne da yamma a hau Hasumiya, gidan abincin da ke ƙololuwar otal mai kallon teku, Don Eusebio ya zo cikin farar rigarsa a gaisa, a sa ranar biki.

"Ɗan lokaci ne kawai, masoyiyata," in ji Leandro. "Babu wanda zai gane shi. Ba a barin su su yi magana, ke kika faɗa min. Mu ci mu tashi, da yamma komai ya tafi daidai. Don Allah... saboda ni."

Ta kira wayar mahaifinta, ba a ɗauka ba. Ta san ya riga ya shiga riga.

Ɗakin Aku rumfa ce buɗaɗɗiya a gefen tafkin wanka, cike da yara da kiɗan merengue. Doña Mirtha, mahaifiyar Leandro, ta zauna a kan tebur tana fifita da mahuci, ta dubi farantin mangú da aka ajiye mata, dakakkiyar agade da jar albasa da soyayyen cuku, ta ture shi da ɗan yatsa, ta harari mai raba abinci.

"Abincin leburori a otal mai tsada haka? Yarinya, kawo min gwanda da baƙin kofi."

Fausto, yayan Leandro, ya jawo farantin gabansa yana dariya.

Sai kiɗa ya canza. Yara suka ɗau ihu, "Aku! Aku!"

Yudelka ba ta ɗaga kai ba, amma ta gefen ido ta ga yadda yake ɗan jan ƙafar hagu, ƙafar da ke hana shi barci lokacin damina. Ya bi tebura yana kaɗa fukafukai har ya iso nasu.

Ya tsaya cak.

Ta san ta cikin ragar bakin nan yake kallo. Ta san ya gan ta, ya ga zoben hannunta, ya ga Leandro. Cokali ta ɗauka ta shiga juya kofin da babu sukari a ciki.

Can sai Aku ya yi tsalle, ya rusuna wa Doña Mirtha, ya fara rawa. 'Yan biyu suka rungume ƙafafunsa.

"Kai, wane irin aku ne wannan bebe?" Fausto ya ce baki cike da abinci. "Ce 'ina kwana', ɗan uwa! Ce 'Fausto ya fi kowa kyau'!"

Aku ya rufe baki da fiffike, yara suka tuntsure da dariya.

"Sake rawar, ban ɗauka ba." Fausto ya ɗaga waya. "Ƙasa-ƙasa! Murguɗa bindin nan!"

Aku ya sake.

"Yaya, ka bar shi ya wuce, wasu na jira," Leandro ya ce a hankali, idonsa a kan faranti.

"Ya wuce ina? Ai don mu yake nan."

Doña Mirtha ta toshe hanci da mahucinta, ta juyo.

"Yudelka, 'yata, mahaifinki ne shugaban irin waɗannan, ko?"

"E... Doña."

"To ki faɗa masa ya riƙa sa su wanka. Wannan tsamin gumi a kan abincin mutane! Ko wane ne a ciki, ai ya ci a ce an canza shi."

Leandro ya taka ƙafarta a ƙarƙashin tebur. Aku na tsaye a bayan kujerarta, har tana jin hucin numfashinsa.

"To, Doña," in ji ta.

Fausto ya kamo bindin ya ja. "Ɗaya ta ƙarshe, da 'yan biyu a hannu! Ɗauke su mana, ragon tsuntsu!"

Aku ya sunkuya ya ɗauki yaran, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya juya sau ɗaya. A na biyu ƙafar hagu ta lanƙwashe. Sai da ya dire yaran lafiya a ƙasa, sannan ya tafi luuu, ƙaton kan ya daki gefen tebur, kofuna suka tarwatse.

Mutane suka yi tafi, sun ɗauka wasa ne.

Yudelka ba ta san lokacin da ta isa ƙasa ba. Ta laluba ƙarƙashin wuyan rigar tana neman maɗauri. Wata mata mai kula da 'yan wasa ta rugo a guje.

"Malama, kar ki cire! Akwai yara! Doka ce, sai an kai shi ciki!"

"Ba ya numfashi sosai!"

"Na ce kar ki..."

Ta fizge kan ta yi jifa da shi. Furfura ta bayyana, jiƙe sharkaf, fuskar ta yi toka-toka, leɓe ya bushe.

"Baba! Baba, buɗe ido! Ni ce... Baba!"

Kiɗan ne kaɗai ya ci gaba. 'Yan biyu suka fashe da kuka. Ta ɗago tana neman Leandro, ta ce ya kama mata kafaɗunsa. Yana zaune inda yake, ya dafe goshi, mahaifiyarsa na kallonsa baki buɗe. Wani mai raba kofi ne ya ajiye butarsa ya zo ya taya ta.

A ɗakin shan magani na otal aka ɗaura wa Don Eusebio ruwa. Likita ta ce zafi ne da hawan jini, zai tashi. Rana ta take kafin Leandro ya leƙo, bai ma shigo ba, daga ƙofa ya yafito ta.

"Yaya jikin nasa?"

"Sai yanzu?"

"Ina can ina lallashin Mama. Yudelka, kin san halin da kika jefa ni? A gaban kowa! Da kin bari an kai shi ciki..."

"Da na bari ya mutu cikin rigar, don kar a gane ka yi ƙarya?"

"Mun yi ƙarya. Ni da ke. Kar ki ɗora min ni kaɗai."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Hawaye suka zubo mata.

"Saurare ni, zuciyata," ya matso. "Ba a rasa gyara ba. Mama ta ce ba ta hana auren ba. Sai dai a ɗan jinkirta. Kuma ranar biki... wataƙila kawunki na Santo Domingo ya riƙe hannunki zuwa gaban fada a coci. Fausto ya riga ya tura wa dangi hoton rawar, har da inda kika cire kan, kin gane... kowa zai shaida shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Kyakkyawar fuskar nan da ta sha yi wa addu'a a coci tana nan yadda take.

"Ka ce mata me?"

"Na ce zan yi miki magana."

"Shi ke nan abin da ka ce?"

"Uwata ce, Yudelka!"

"Wancan kuma ubana ne."

Ta zare zoben. Ya ƙi fita, sai da ta murza shi har yatsan ya yi ja. Ta saka masa a aljihun riga.

"Ina son ki..." ya ce.

"Na sani. Iyakar son naka ke nan, na gani."

Ta jira ko zai riƙo ta. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya ce yana zuwa. Bai dawo ba.

Da la'asar aka sallami Don Eusebio. Kafin su fita matar nan mai kula da 'yan wasa ta zo, kanta a ƙasa, ta ce manya sun ce ya je ya huta, za su neme shi. Ya gyaɗa kai kawai. Ya ga waɗanda aka ce wa haka a baya, ba a sake neman ko ɗaya ba.

Suka hau motar haya mai zuwa garinsu Higüey, suka zauna a kujerar baya, kusa da wata mata mai kwandon rogo. Gonakin rake suka yi ta wucewa.

"Baba, ni na jawo maka. Aikinka..."

"Aiki ai dama ƙafar ta gaji."

"Na mayar masa da zobensa."

"Na ji. Ƙofar ba ta da kauri." Ya numfasa. "Ban so ba. Yaron yana son ki, tsoro ne ya yi masa yawa."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa kamar yadda take yi tana ƙarama. Bai ture ta ba, amma bai dafa kanta ba.

"Baba, ka yafe min."

Ya juya yana kallon taga.

"An ja min bindi, an watsa min lemo, an kira ni da sunan da ba zan maimaita ba. Duk ban taɓa kai su gida ba, a cikin rigar nake barin su. Da na gan ki yau, na ce bari in yi rawar da ban taɓa yi ba, ko surukan 'yata sa ji daɗi." Ya juyo ya dube ta. "Matar nan ba ta san ni ba, ba ta yi min laifi ba. Amma ke, Yudelka... da kika ce 'To, Doña', ina bayanki."

Kuka ya ƙwace mata, mai sauti, har matar rogo ta waigo.

"Zan yafe," ya ce a hankali. "Ke kaɗai gare ni, ina zan kai ki? Amma ki bar ni tukuna, 'yata. Yau ba zan iya ba."